Hoton da Mutari Ya Hana Ni Ɗauka

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Mutari ya rasu.

Labarin ya same ni yau da safe, ina tsakar gida ina haɗa wa yara koko. Ramatu matarsa ce ta kira. Na ɗauka da wasa kamar kullum, na ce, "Matar yarona, an tashi lafiya?" Sai na ji kuka. Ban san sanda ludayin ya faɗi daga hannuna ba.

Ta ce ya dawo daga masallaci, ya ce ƙirjinsa ya yi masa nauyi, ya kishingiɗa a tabarma. Kafin a samo motar da za ta kai shi likita, rai ya yi halinsa. An yi masa sutura kafin azahar, nan Magarya.

In kun ga kuskure a rubutun nan, ku yi haƙuri.

Da yawanku ba ku san shi ba, ni kuka sani, Fassuma mai amsa muku saƙo a shafin nan namu na kayan ɗaki. To duk gadon da kuka gani a nan, duk kwaba da kujera, hannun Mutari ne. Shi ne a hoton da na sa a sama, wanda ya ware hannuwa yana riƙe da tabarma yana dariya. Ɗan kawuna ne, wato taubashina. Tun muna yara nake ce masa yarona, shi kuma bai taɓa yarda ba ko da rana ɗaya. Da muka fara sana'ar nan sai ya laƙaba mini Madam Rezo, saboda yadda nake yawo da waya sama, ina hawa turmi da katanga ina neman rezo, wato inda saƙo zai tafi.

Yau babu mai kirana da sunan nan.

Yadda muka fara abin dariya ne. Ya yi shekaru a Kano yana aikin katako a ƙarƙashin wani, ya dawo gida da injin yanka guda da ciwon baya. Ni kuma na gama karatu a Damagaram, aiki ya ƙi samuwa, ina sayar da atamfa a sitatus ɗin waya. Wata rana na je atiliyensa, wato shagon aikinsa, karɓar kujerar da ya yi wa Inna, na tarar da gadaje jingine da bango sun yi ƙura. Na ce, "Kai wa kake jira ya zo ya gani a wannan lungun, aljanu?" Ya ce, "To ke mai baki, sayar mini da ɗaya in gani."

Na sayar da shi a wannan makon, ga wata mata a Guci da ba ta taɓa taka ƙofar atiliyen ba. Daga nan muka haɗa kai. Shi katako, ni waya.

Kujerar nan ta Inna, bari in faɗa kafin in manta. Gwiwa ce ke damunta, ba ta iya tashi daga 'yar tsugunno. Ba wanda ya gaya masa. Ya zo gaisuwa ne ya ga yadda take dafa bango, bayan kwana kaɗan sai ga kujera mai tsayi daidai ita, da wurin dafawa. Yana ajiyewa ya ce, "Gwaggo, kada ki bar Fassuma ta hau, karya ta za ta yi." A kanta Inna take zaune yau tana karɓar gaisuwarsa.

Guntayen katakon da suka rage, matan da ke suyar ƙosai a bakin hanya ne ke kwasa, bai taɓa karɓar ko dala ba. Makarar unguwarmu ma da aka ɗauke shi a kai ɗazu, shi ya sake mata ƙafa bara.

Mun sha wuya a farko, kuma mun yi wauta iri-iri. Kwabar farko da muka aika garin Kwaya ta ƙi shiga ƙofa. Mun kwaikwayi hoton kayan birni ne, mun manta ƙofar ɗakin ƙasa ba ta san da wannan zancen ba. Kwaba ta wuni a gindin bishiya, gari ya taru yana ba da shawara, har da mai cewa a fasa bango. Mutari ya hau moto, wato babur, ya je ya kwance ta gaba ɗaya, ya sake haɗa ta a cikin ɗakin. Daga ranar komai namu da noti ake ɗaure shi, a kwance a ɗaure.

Awo kuma, in ka ce wa mutum ya auna ƙofa da mita, sai ya turo maka vokal, saƙon murya, yana cewa, "Ai ƙofar daidai take, ba babba ba, ba ƙarama ba." Sai Mutari ya ce kowa ya yanko kara biyu, ɗaya faɗin ƙofa, ɗaya tsayinta, ya ɗaure da ƙyalle ya ba ɗan kabu-kabu ranar kasuwa. Wanda ya shiga atiliyenmu zai ga damin kara a kusurwa, kowane da launin ƙyallensa. Baƙo sai ya zaci makamashi ne.

Madubi kuwa mun fasa ba adadi a amalanken jaki, kafin mu gane a cinyar mutum yake tafiya lafiya.

Duk waɗannan dariya muke yi in mun tuna. Akwai guda ɗaya da ba mu taɓa yi wa dariya ba, kuma saboda shi na zauna rubutun nan.

Shawarar Mutari ce, kuma da zuciya ɗaya ya kawo ta. Ya ce a Kano ya ga yadda ake kallon rigar mutum kafin a gaya masa kuɗin kaya, baƙauye a ninka masa. Abin yana ci masa rai. Ya ce mu namu a fili za mu yi: gado iri uku, ƙarami, matsakaici da babba, kowane da hotonsa da kuɗinsa a rubuce a ƙasa. Mai shadda da mai tsumma, kuɗi ɗaya. Na ji daɗin shawarar ƙwarai, don ta rage mini ciniki da surutu. Komand, wato odar kaya, ta riƙa shigowa daga Dungas, Dogo-Dogo, har da ƙauyukan da ban taɓa jin sunansu ba.

Sai bayan kaka, lokacin da aure ke yawa, wani dattijo manomi ya saya wa ɗiyarsa ƙaramin gadon. Ba zan faɗi garinsu ba. Aka kai lafiya, aka ɗaura lafiya. Ranar jere, mata sun gama shirya ɗakin amarya, dangin ango suka shigo kallo kamar yadda aka saba. Wata budurwa cikinsu ta dubi gadon, ta zaro waya, ta ce, "Lah, ai na san shi! Ƙaramin ne wannan. Ga kuɗinsa ma a rubuce."

Waya ta riƙa yawo hannu zuwa hannu a cikin ɗakin, uwar amarya tana tsaye.

Kun san mu mata. Ba sai an yi zagi ba. Wannan ta ce "Allah sarki," waccan ta taɓe baki, shi ke nan an gama da mutum. Aka ce amaryar ta kwana uku ba ta iya haɗa ido da kowa a gidan ba.

Ranar kasuwa dattijon ya zo atiliye. Ina nan, na zo ɗaukar hotuna. Ya yi sallama, Mutari ya ba shi benci, aka gaisa har da tambayar amfanin gona. Sannan ya ce, a hankali, ba ɗaga murya:

"Ɗana, ban zo faɗa ba. Gado ya yi kyau, Allah ya yi albarka. Tambaya ɗaya ce da ni. Ni na zo muku da abin da Allah ya hore mini, na ɗauka tsakanina da ku ne. Me ya sa kuka gaya wa duniya abin da ke cikin aljihuna?"

Na buɗe baki zan ce ai ba sunansa muka rubuta ba. Mutari ya dube ni, na rufe.

Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ya durƙusa a gaban dattijon, cikin garin katako, ya ce, "Baba, mun yi kuskure. Wallahi gudun cutar mutane ne ya sa muka yi, ashe wata cutar muka yi. Ka yafe mana."

Bai tsaya a nan ba. Akwai wani teburin madubi da ya yi wa Ramatu, mai 'yan aljihuna, wanda bai taɓa hawa shafi ba. Ya jawo shi ya ce, "Baba, na ba ka wannan, halak malak. Ka karɓa?" Dattijo ya yi ta ƙi, da ƙyar ya ce ya karɓa. Washegari Mutari ya ɗaure tebur a bayan moto, madubin a cinyar wanda ya goya, ya je har gidan amarya da rana tsaka, lokacin da mata ke cike a tsakar gida suna daka. Ya yi sallama da ƙarfi ya ce, "Sauran kayan Baba ne na kawo, a buɗe mini ɗaki."

Da ya dawo na ce, "Yarona, yaushe ka fara ƙarya?" Ya ce, "Ina ƙaryar? Na ba shi jiya, ya karɓa. Kayansa ne."

Ramatu ta yi kwana biyu tana fushi, sannan ya yi mata wani.

A daren… a'a, da yammacin ranar da dattijon ya zo ne ma, ya ce in sauke duk hotunan da ke da kuɗi a jiki. Nan muka yi faɗan da ba mu taɓa irinsa ba. Na ce shafin da ba farashi mataccen shafi ne, mutane za su ce ɓoyewa muke don mu cuce su. Kuma haka aka ce ɗin, wasunku ma da ke karanta wannan kun rubuta mana hakan, ban manta ba. Komand ta ragu sosai. Akwai watan da na fara tunanin komawa kan atamfata.

Shi kuwa ko gezau. Ya ce, "Madam Rezo, kuɗi yana nan ɗaya ga kowa, ban canza ba. Amma a kunne za ki faɗa, ba a bango ba."

Daga nan ya ɗora wa kansa aikin da ya ninka wahalarsa. Ya ce ba zai ƙara yin gado biyu masu fuska ɗaya ba. Kowane allon kai da nasa zane. Wani ya ɗauko daga zanen ƙwarya, wani daga saƙar faifai, wani daga lallen da ya gani a hannun Ramatu. Yakan zauna a ƙasa yana zane da ƙusa, in bai yi masa ba ya share da tafin hannu. Abin da yake so shi ne, in ka shiga ɗakin amarya ka ga gadonmu, kada ka iya cewa na mai hali ne ko na mai ƙaramin ƙarfi. Kuma ya cim ma hakan. Ni kaina da nake karɓar komand, in an jera su, sai na tambaye shi wanne ne na wa.

Hotunan da kuke gani a shafi tun daga lokacin, na gwaji ne da ke zaune a atiliye, ba a sayar da su. Wanda aka yi wa mutum ba ya hawa shafi. In za su fita kuma, duka a naɗe suke fita cikin tabarmar kaba, don kada 'yan zaman tasha su sami abin faɗa.

A hankali mutane suka gane. Iyaye mata ne suka riƙa gaya wa juna a gidan biki da bakin rijiya, cewa akwai masu kayan ɗaki a Magarya da ke rufa asiri. Ba mu yi arziki ba, kada ku ji an ce. Amma kasuwar da ta dawo mana ta fi ta farko albarka.

Kwanakin baya wata uwa ta zo da kanta. Ba zan faɗi garinta ba, ba zan faɗi sana'arta ba. Ita kaɗai ke ɗawainiyar auren ɗiyarta, kuma gidan da yarinyar za ta shiga gida ne na masu ido. Ta ja ni gefe, muryarta ƙasa-ƙasa, ta ce, "Ɗiyata, a yi mini daidai ƙarfina. Amma don Allah kada a gane." Na ce, "Inna, kin zo inda ba a ganewa."

Shekaranjiya na je atiliye, ganina da shi na ƙarshe ke nan. Na tarar yana goge allon kan gadon nata. Jama'a, na ga aikin Mutari shekara da shekaru, ban taɓa ganin irin wannan ba. Na tsaya ina ta kallonsa.

Dama raina a ɓace na je. Wasu sababbin shafuka sun fito suna sa hotunan kayan waje suna janye mana mutane, namu kuwa kullum tsofaffin hotuna. Na zaro waya na ce, "Wannan kam sai na ɗauka. Ko kusurwa ɗaya ce. Ba kuɗi, ba suna. Mutane su ga abin da kake iyawa."

Kafin in saita, ya fizgo tabarma ya ware ta, ya tsaya a gaban gadon yana dariya. Na danna duk da haka, don in ba shi haushi.

Ya ce, "Madam Rezo, wannan ba na shafi ba ne. Na yarinyar mutane ne. Ita za ta fara ganinsa, a ɗakinta."

Na ce, "Kai dai da taurin kai za ka mutu."

Ya ce, "To in na riga ki, ki riƙe mini tabarmar."

Wasa muke yi. Wallahi wasa muke yi, irin wanda muka saba tun muna yara. Ya raka ni bakin hanya, ya saya mini rake, ya ce in gaida Gwaggo.

Ɗazu bayan la'asar ana zaman gaisuwa, aka ce wani tsoho yana sallama da ni a ƙofar gida. Na fita, sai ga dattijon nan mai teburin madubi. Ya ji a bakin 'yan kabu-kabu, ya biyo ɗaya bai ko sake riga ba. Ya ce, "Ɗiyata, ashe mai gadon ya tafi." Muka yi kuka tare a zaure. Shi ya ce in rubuta labarinsa. Na ce, "Baba, surukanka fa?" Ya ce, "Ni da bakina na gaya musu tun bara. Yarinya ta zauna daram, har ta haihu. Ki faɗa, a san irin mutumin da aka rasa."

Ita ma uwar nan da ta ce kada a gane, ta kira, tana kuka tana cewa a bar maganar gado, ba yanzu ba. Na ce mata ba za a bari ba. Shafa mai kawai ya rage, kuma Malam Habu, abokin aikinsa da suka daɗe tare, ya ce shi zai ƙarasa da hannunsa.

Tun da labarin ya fita, saƙonninku suke shigowa. Na gode, Allah ya bar zumunci. Da yawanku kun ce in sa hoton aikinsa na ƙarshe, don a tuna da shi. Wani ma ya ce hakan zai jawo komand da za ta taimaki Ramatu da yara, kuma na san gaskiya ya faɗa.

Ba zan ɓoye muku ba, ina so. Makullin atiliye yana cikin jakata yanzu haka. Babu mai riƙe tabarma. Kuma raina yana ƙuna in na tuna cewa abu mafi kyau da hannunsa ya yi zai shige wani ɗaki a ƙauye, duniya ba ta gani ba.

Amma na riga na ba ku labarin uwar. In na ƙara muku da hoton, ranar jere wata za ta zaro waya.

Saboda haka gadon zai fita a naɗe cikin tabarma, tare da sauran da ke jiran fita a makonnin nan, kowane ya nufi garinsa. Kada ku tambaye ni wanne ne, kada ku tambayi Malam Habu. In kin shiga ɗakin amarya a kakar nan kin ga gado mai kyau, ki ce ma sha Allah, ki bar wayarki a jaka.

Hoton aikinsa na ƙarshe da kuke nema, shi ne wanda ke sama. Na duba shi da kyau kafin in sa, ko ƙafar gadon ba ta fito ba. Ya rufe shi ruf.

Na riƙe maka, yarona.

Ya Allah, Mutari ya rufa wa bayinka asiri a duniya, Ka rufa masa nasa a kabari da ranar tsayuwa. Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata masa makwanci, Ka sa Aljanna ce gidansa. Ka ba Ramatu da Kawu haƙuri, Ka raya yaransa cikin rufin asirin da ya yi wa 'ya'yan wasu.

Don Allah duk wanda ya karanta har nan, kada ya wuce bai yi masa addu'a ba. Wadda kuma take kwana a kan gadon da ya yi, ta tuna da shi in ta idar da sallah.